Wanzamin da Ya Yarda da Jarfa

Ɗan yayata ya shekara 6 a Landan, kuma har yau sana'arsa na yi wa 'yan gida wuyar faɗi. Idan aka dami mahaifiyarsa da tambaya sai ta ce aikin kwamfuta yake yi, ta rufe zancen. Ainihin abin shi ne majigi yake haskawa a gidajen rawa. DJ na gaba yana sakin kiɗa, shi kuma yana can ƙuryar baya yana jefa hotuna a bango, yana yanka su, yana rina su, yana juya su da hannu daidai da bugun kiɗan, tun ƙarfe 11 na dare har gari ya waye. Turawa na kiran mai wannan aiki VJ. Ni mai majigi nake ce masa, domin kalmar ta daɗe a bakinmu, tun zamanin da motar gwamnati ke shiga gari da magariba a kafa farin ƙyalle a ƙofar fada.

Hunturun bara na kai masa ziyara, sai ya ce, "Kawu, yau ka zo ka kama mini kaya, ka kuma ga abin da idonka." Wurin tsohon sito ne a gabashin birnin, rufin kwano, sanyi kamar cikin randa. Tun ƙarfe 6 na yamma muka isa. Ya hau tsani ya rataye majigi biyu, ya bi wayoyi a ƙasa yana manne su kada wani ya yi tuntuɓe, sannan ya kusan cinye awa guda yana daidaita kusurwoyin hoton da bango don kada haske ya zuba a kan ginshiƙai. Teburinsa na can baya, kusa da mai kula da sauti. A kai akwai kwamfuta, da wani ɗan faranti mai maɓallai da 'yan sanduna da ake turawa sama da ƙasa, sai kuma kyamara da ba ta fi kwalin ashana ba, a kan wani ƙarfe mai lanƙwasuwa, tana kallon hannuwansa.

Na san da yawa cikin masu karanta wannan shafi ba su taɓa taka irin wannan wuri ba, ba su kuma da niyya. Ban zo yi wa kowa talla ba. Abin da daren ya bar ni ina juyawa a rai ya shafi duk wanda ya taɓa riƙe kyamara ya saita ta a kan wani.

Wajen ƙarfe 2 na dare ganguna suka ɗauke, ya rage wata siririyar ƙara mai tsawo. Sai na ga ya kai hannu ya lanƙwaso kyamarar ta dubi fuskarsa. Ido ɗaya ya bayyana a bango, ya fi ƙofar zaure girma. Ya ƙifta. Sannan idon ya haifi wani a cikinsa, wancan ma ya haifi wani, har suka zama kamar doguwar rijiya ta idanu, launinsu na sauyawa daga ja zuwa shuɗi. Ana ganin gumi a girarsa, ana ganin hasken kwamfutar a ƙwayar idon. Da ganguna suka dawo sai fuskar ta tarwatse, hoton ya koma kan yatsunsa suna wasa da maɓallai. Duka abin bai kai minti ɗaya ba. Wasu cikin masu rawa suka waiwayo suna neman inda mai idon yake, wata ta ɗaga masa hannu. Sau uku ya yi haka kafin asuba.

Muna naɗe wayoyi wanda ya shirya taron ya zo, ya biya shi, ya kuma ce mutane DJ suka biya kuɗi su gani, ba fuskar mai majigi ba, nan gaba ya tsaya a kan zane-zanensa. A bas ɗin komawa gida yaron ya yi shiru mai tsawo, sannan ya ce, "Kawu, kai ma kana ganin na yi rashin kunya?" Ban iya amsa masa nan take ba, domin an raine ni a kan cewa yabon kai jahilci ne, kuma abin da na gani ya yi kama da yabon kai a allo mai faɗin ɗaki. Na ɗauki makonni ina tunani. Amsar da na tsaya a kai ita ce bai yi laifi ba, kuma cikin duk abin da ya jefa a bango a daren nan, fuskarsa ce abin da ya fi cancantar jefawa.

Amma mai taron ba shirme ya faɗa ba, dole in ba shi haƙƙinsa. Wannan sana'a a ɓoye aka haife ta. A ɗakin kiɗa na Fillmore East da ke Niyok, wanda aka buɗe a 1968, ƙungiyar Joshua Light Show a bayan allo take aiki. Suna zuba mai da ruwa mai launi tsakanin faya-fayan gilashi, suna matsa su da hannu a kan majigi, launuka na gudu a bayan makaɗa, 'yan kallo kuwa ba sa ganin ko inuwar masu yi. A 1980 Merrill Aldighieri ta fara haɗa bidiyo kai tsaye da kiɗan DJ a gidan rawa na Hurrah, shi ma a Niyok, kuma ita ake yawan ambata a matsayin ta farko a wannan aiki. Da tashar MTV ta fara aiki a 1981 sai ta ɗauki sunan VJ ta liƙa wa masu gabatar da shiri, waɗanda fuska ce jarinsu. Masu aikin hannun suka ci gaba da zama cikin duhu, sunan ya tafi wurin masu tsayawa gaban kyamara.

Ɓuyan kuma ba tilas kaɗai ba ne, har da aƙida. Kiɗan tekno da baƙaƙen matasan Detroit suka ƙirƙiro a shekarun 1980 ya zo da wata irin ƙyamar tauraro. Ƙungiyar Underground Resistance ta yi suna wajen rufe fuska, don a saurari kiɗan a bar mai kiɗan. Mutanen Daft Punk biyu daga Faransa sun shafe kusan shekara 20 cikin hular ƙarfe har suka rabu a 2021. A Balin, gidan rawa na Berghain, wanda aka buɗe a 2004 cikin tsohuwar tashar makamashi, yana manne takarda a kan kyamarar wayar duk wanda zai shiga, kuma ba a ajiye madubi a ciki. Dalilin a fili yake. Mutum ya wuni ana kallonsa, a ofis, a jirgin ƙasa, a Instagram, sai ya zo wurin da zai huta daga fuskarsa. Idan mai majigi ya cika bango da tasa, ai ya dawo wa mutane da abin da suka gudo.

Akwai ma zargin da ya fi wannan tsufa. A 1976 Rosalind Krauss, wata mai nazarin fasaha a Amurka, ta rubuta maƙala a mujallar October inda ta ce asalin bidiyo a hannun masu fasaha son kallon kai ne. Ta aro sunan Narcissus, saurayin tatsuniyar Girkawa da ya ga fuskarsa a ruwa ya kasa tashi. Misalinta shi ne aikin Vito Acconci na 1971, inda ya tsaya fiye da minti 20 yana nuna hotonsa da yatsa a allon talabijin. Hujjarta ita ce kyamara da allo sun zama madubi, mai fasaha ya shiga tsakaninsu ya rufe ƙofa, ba ya bukatar kowa. Wannan magana tana da nauyi, kuma duk wanda ya ga yadda muke rayuwa da wayoyinmu yau zai ce matar ta hango nesa.

To amma bango dole a cika shi. Awa 6 ko 7 ne, hoto na sauyawa kusan kowane daƙiƙa. Tambayar da mai taron bai yi ba ita ce: idan ba fuskar mai majigi ba, fuskar wa?

Zane-zanen da yake so a tsaya a kansu, layuka da da'ira da hayaƙi mai launi, akasarinsu a intanet ake saye ko a kwasa kyauta, a zuba su cikin manhaja irin Resolume ta mutanen Holan, a bar su suna juyawa. Ba aibu ba ne, amma shi ya sa bangon Landan ke kama da na Balin, na Balin ke kama da na Tokyo. Idan mai majigi ya so ya sa mutum a ciki, don ido ɗan Adam ya fi tsayawa a kan ɗan Adam, sai ya shiga aro. Tsofaffin fina-finai, labaran talabijin, hotunan yaƙi, jikin mata da aka yanke wa kai aka bar ƙugu. A wani dare daban, a wani wuri daban cikin birnin, na ga abin da har yanzu yake ci mini rai. Mai majigin wurin ya samo hoton wasu mata uku suna daka a turmi ɗaya, da ganin zannuwansu da rumbunan da ke bayansu ka san daga yankinmu na Sahel suke. Ya yanka hoton ya daidaita saukar taɓarya da bugun ganga, ya sa su suna ta daka ba hutu, gaba da baya, na tsawon mintuna. Ɗaya na goye da yaro. Mutane suka yi ta ihu don abin ya dace da kiɗan ƙwarai. Da aka tashi na tambaye shi su wane ne matan nan, wane gari ne. Ya ɗaga kafaɗa ya ce a intanet ya tsinta. Ba mugu ba ne, cikin fara'a ya amsa mini. Kawai bai taɓa kawowa a ransa cewa matan suna da suna, suna da miji da 'ya'ya, kuma da za a tambaye su ko sun yarda a haska su ga 'yan rawa da tsakar dare a wata ƙasa, da wuya su ce to. Babu mai taron da ya ja masa kunne. Shi ya bi ƙa'ida, bai nuna kansa ba.

Hanya ta uku ita ce a juya kyamara kan 'yan rawa. Cikin masu majigin da suka shahara da wannan akwai wanda ake kira Weirdcore, mai yi wa makaɗin Ingila Aphex Twin hotuna. A wasanninsu, kamar na bikin Field Day a Landan a 2017, kyamarori na kamo fuskokin mutanen sahun gaba, kwamfuta ta ɗora musu murmushin nan na Aphex Twin mai ban tsoro, ko ta cakuɗa su da fuskokin sanannun mutanen ƙasar da ake wasan, a jefa su a manyan alluna. Gwaninta ce ta gaske, ba na musu. Shi Aphex Twin, wato Richard D. James, ya riga ya saka tasa fuskar a kasuwa tun tsakiyar shekarun 1990, a bangon faya-fayansa da kuma bidiyon Come to Daddy na 1997 da Chris Cunningham ya shirya, kuma ya bayyana cewa ya yi ne don ya saɓa wa al'adar tekno ta ɓoye fuska. Shi ya zaɓa. Yarinyar da ke sahun gaba tikiti kawai ta saya. Mai majigin kuwa, wanda hannunsa ke kan komai, da laƙabi aka san shi.

Wani zai ce ai wanda ya je taro ya san akwai kyamara. Bari mu tuna abin da ya faru a watan Yulin 2025 a wasan ƙungiyar Coldplay a jihar Massachusetts ta Amurka. Kyamara ta kamo wani namiji da wata mace rungume da juna, aka jefa su a babban allo, suka firgita suka ɓoye fuska, wata 'yar kallo ta ɗauka da waya ta saka a intanet. Cikin kwanaki duniya ta san sunayensu da inda suke aiki, dukansu biyu suka bar aikin. Ko me mutum zai ce game da halinsu, daƙiƙu kaɗan ne a allo suka juya rayuwar gidaje. Wanda ya saita kyamarar kuwa babu wanda ya san kamanninsa. Mu ma mun san ƙaramin nau'in wannan a ɗakunan biki na Kano da Kaduna da Abuja, inda mai bidiyo ke zagaya tebura, sai baiwar Allah ta ɗaga kai ta ga kanta a allo da loma a baki, ta sunkuyar da kai, abincin ya fita a ranta.

Hausawa na cewa wanzami ba ya son jarfa. Duk sana'ar kyamara a kan wannan karin magana take zaune. Mai riƙe da ita yana tsaga fuskar kowa, tasa kuwa lafiya lau a bayan gilashi. Abin da ɗan yayata ya yi shi ne ya miƙa tasa ga askar. Cikin duk fuskokin duniya, guda ɗaya ce yake da cikakken ikon ya yanka, ya murɗa, ya rina, ya tarwatsa ba tare da ya nemi izinin kowa ba, kuma ita ya ɗauka. Idan hoton ya fito da muni, shi ya munana. Idan wani ya ɗauka ya yaɗa, shi aka yaɗa. Ban ga inda rashin kunya yake a nan ba. Abin da na gani shi ne mutum ya biya kuɗin wasan daga aljihunsa.

Ga mata masu wannan aiki maganar ta fi zurfi, domin jikin mace ne aka fi ara a bangon gidan rawa tun fil azal. Joan Jonas a aikinta na 1972 mai suna Vertical Roll ta bar hoton talabijin yana ta zamewa ƙasa, yana yanka jikinta gunduwa-gunduwa, ta yadda mai kallo ba zai taɓa samun ta cikakkiya ya ƙare mata kallo ba. Pipilotti Rist 'yar Suwizalan, wadda ta yi shekaru cikin ƙungiyar kiɗa ta Les Reines Prochaines, ta fito a bidiyonta na 1986 tana rawa, amma ta dusashe hoton, ta ƙara masa gudu ta rage, har ya zama ba jikin da za a yi sha'awa ake gani ba, mace ce ke sarrafa na'ura. Macen da ta tsaya a teburin majigi ta jefa nata hoton yadda ta ga dama ta ƙwace wani abu da aka daɗe ana ɗauka ba da saninta ba. A kira wannan son kallon kai zalunci ne.

Sai kuma yadda abin ke aiki, don a nan ne nake ganin hujjar Krauss ba ta kai gidan rawa ba. Rijiyar idanun da na gani a bango ba a kwamfuta aka zana ta tun a gida ba. Tana faruwa ne idan hoton da ya fita aka sake mayar da shi ciki, ko kyamara ta kalli allon da ke nuna abin da take gani. Duk wanda ya zauna a shagon aski mai madubi gaba da baya ya san wannan, ƙeyarka na ta maimaituwa har ta ƙanƙance ta ɓace. Bambancin shi ne a bidiyo kowane zagaye na zuwa da ɗan jinkiri, don haka motsi kaɗan, ko ƙiftawar ido, sai ya bi rijiyar yana gangarawa kamar igiyar ruwa. Abu ne mai gardama, ka ƙara haske kaɗan bango ya yi fari fat, ka rage ya mutu. Dole hannu ya kasance a kai kowane lokaci, kunne kuma na kan DJ, ido na kan masu rawa. Nam June Paik ɗan Koriya, wanda ake ɗauka uban fasahar bidiyo, a 1974 ya ajiye gunkin Buddha a gaban talabijin da kyamara, gunkin na kallon kansa har abada. Wancan rufaffen ɗaki ne, kuma da gangan ya yi shi haka. Mai majigin gidan rawa ba shi da wannan sukunin. Da ya shagala da fuskarsa na daƙiƙa goma, kiɗa ya wuce shi, kowa kuma zai gani. Narcissus ba ya sauraron ganga.

Akwai kuma batun shaida. Yau mutum na iya danna maɓalli ɗaya kwamfuta ta bi sautin da kanta tana fitar da hotuna har safe, shi yana can yana shan shayi. Manhajojin ƙirƙirarriyar basira na zubo hotuna masu ƙyalli ba iyaka. Ɗan rawa ba shi da hanyar sanin ko akwai rai a bayan abin da yake gani. Wasu masu haɗa kiɗa da hoto ta hanyar rubuta umarnin kwamfuta kai tsaye sun hango wannan tun 2004, lokacin da suka kafa ƙungiyar TOPLAP a Hambag ta Jamus, kuma babbar ƙa'idarsu ita ce a haska allon mai aiki kowa ya ga abin da yake rubutawa, har da kurakuransa. Daga cikinsu ne tarukan rawa da ake kira Algorave suka fito a Landan a 2012. Manhajar Hydra da Olivia Jack ta ƙirƙira, wadda da yawansu ke amfani da ita, layi ɗaya ake rubutawa ta buɗe kyamarar kwamfuta, kuma abin da kyamarar ke fara gani shi ne wanda ke zaune gabanta. Tun kafin su duka, a 1929, Dziga Vertov na Tarayyar Sobiyet ya yi fim ɗinsa kan mai ɗaukar hoto, inda ake ganin ɗan'uwansa Mikhail Kaufman yana hawa gada da bin jirgin ƙasa da kyamara a kafaɗa, ana kuma ganin matarsa Yelizaveta Svilova a tebur da almakashi tana yanka fim ɗin da kake kallo. Bai nuna su don kyansu ba. Ya nuna su ne don mai kallo ya san hoto aikin hannu ne, wani ya zaɓa, wani ya yanke, kuma ana iya tambayarsa dalili. Hannuwan ɗan yayata a kan maɓallai da idonsa mai gumi daga wannan zuriya suke.

Ban manta da cewa akwai ciki a maganar ba. A takardar tallan daren da na raka ɗan yayata sunan DJ ya cika rabin shafi, na mai majigi babu shi ko a ƙasa. Shi ya riga kowa zuwa, shi ya bi bayan kowa fita, kayan aikin nasa ne, abin da aka ba shi kuwa da ƙyar ya wuce kuɗin mota da na hayar majigi ɗaya. Washegari hotunan taron suka cika Instagram, kuma abin da ya ƙawata su haskensa ne, amma ba wanda ya ambace shi. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Mu da muka tashi da waƙa a kunne bai kamata mu yi mamakin mai fasaha ya sa kansa cikin aikinsa ba. Narambaɗa yana da Bakandamiyarsa, Shata ma yana da tasa, kowannensu ya tsaya ya yi wa kansa kirari, ba mu kuma ce sun yi jahilci ba, don aikin ya tsaya musu shaida. Marubutan waƙa sun saba saka sunansu a baitocin ƙarshe. Mawaƙin kirki ma yakan kira makaɗinsa da suna a tsakiyar waƙa ya ce ya saki hannu. Mai majigi makaɗi ne da ba a kiran sunansa. Idan ya ɗaga kai sau uku cikin awa 7 ya ce ga ni nan, bai ci haƙƙin DJ ba.

Inda zan tsaya tare da mai taron shi ne idan fuskar ta zama allon talla. Na ga irin wannan ma. Mutum ya je an ɗauke shi hoto tun da rana, da tabarau da kwalliya, an gyara hasken, ya zo ya yi ta maimaita shi a bango da sunansa na Instagram a ƙasa yana walƙiya. Tun da Boiler Room ya fara watsa wasan DJ kai tsaye daga Landan a 2010, kyamara a gaban DJ, jama'a a bayansa, gidajen rawa da yawa suka koma wurin da ake zuwa don a gan ka, kuma mai majigi ma ɗan Adam ne, yana iya kamuwa. Wannan ba jarfa ba ce, kwalli ne. Ana gane bambancin da abu ɗaya: shin ya yarda fuskar ta lalace? Wanda ya miƙa ta ga na'ura ta murɗe ta, ta raba ta, ta narkar da ita cikin kiɗa har ba a gane ko wane ne, ya mayar da ita kayan aiki kamar yadda marini ke yi da baba. Wanda kuwa ke tsare ta kada ta ɓaci, yana son a fita da ita a ka, shi ne mai taron ya kamata ya ja wa kunne. A daren nan, da za ka tsayar da mutum goma a ƙofa ka nuna musu ɗan yayata, ba na jin biyu za su ce shi ne mai idon. Abin da suka sani kawai shi ne idon na mai rai ne, kuma yana cikin ɗakin tare da su.

Na kira shi bayan na dawo gida na faɗa masa duk wannan, ya saurara har na gama. Sai ya ce shi bai yi dogon tunani haka ba. Ya ce lokacin da ganguna suka ɗauke ya duba duk abin da ya tanada a kwamfuta, babu wanda ya dace da shirun, kuma bai so ya haska mutane suna tsaye idonsu a rufe. "Kawu, abin da ya rage a teburin ni ne." Mai taron bai sake kiransa ba. Wani wurin ya kira shi, ƙaramin ɗaki a ƙarƙashin gadar jirgin ƙasa da bai ɗaukar mutum 200, kuma ya ce mini yanzu ya ƙara kyamara ta biyu. Ta farkon na nan a kan hannuwansa. Ta biyun ya ɗaure ta a jikin tsani tana kallon teburin daga sama, ta yadda idan ya sunkuya gyara waya ana ganin tsakiyar kansa da kofin shayinsa da ya huce.